Wa Zai Tare Ta In Ta Saki Jiki?

Ina gai da mutanen Ƙauran Namoda da na Kurya, da na Shinkafi da Badarawa da Jangeru, da na Zurmi da Moriki da Dauran, da duk wanda muryar nan ta iske, ko yana zaure, ko yana rumfar kasuwa, ko kuwa tana tsakar gida ta ɗora rediyo bisa turmi tana tankaɗe. Maganar da na zo da ita yau, in aka dube ta sama-sama, ƙarama ce ainun, har mai yiwuwa wani dattijo ya ce, a wannan zamani da ake barci da ido ɗaya, manomi bai iya zuwa gonarsa sai da fargaba, ina amfanin a ɓata lokacin jama'a da zancen wasan mata? Ina roƙon dattijon nan ya yi mini uzuri, ya ba ni aron kunnensa na ɗan lokaci, domin ina kyautata zaton kafin in ƙare zai ga cewa damuwarsa da tawa tushensu ɗaya.

Ni a Ƙaura aka haife ni, a zamanin da jirgin ƙasa yake shigowa garin yana kuka, watau ta layin dogon nan da ya iso daga Zariya ta Gusau a shekarar 1929, ya tsaya nan bai ƙara gaba ba. Amma duk da kukan jirgin da buhunan gyaɗar da ake jibgewa a tasha, abin da ya fi zauna mini a zuciya daga ƙuruciya shi ne dandalin unguwarmu a daren farin wata. Bayan an yi sallar lisha an ci tuwo, sai mu fito, kowace ta ɗaure zanenta tamau, mu yi rabin da'ira muna tafi muna waƙar gaɗa; sa'an nan ɗaya daga cikinmu ta fita tsakiya, ta ɗan taka, ta juya mana baya, ta taho da baya da baya, ta saki jikinta ɗungum ta faɗo, ba ta waiwaya ba, ba ta tambaya ko mun shirya ba, mu kuwa mu tare ta da hannuwanmu, mu cilla ta sama, ta dira bisa ƙafafunta tana dariya.

Ranar da layi ya fara zuwa kaina, sau uku ina tahowa ina sandarewa kamar icce, in na zo daf da hannuwansu sai in dafe ƙasa da ƙafa ɗaya. Ba wadda ta yi mini dariya. Yayata ce kawai ta matso ta ce, “Ke, saki jikinki, muna nan, ba mu bari ki taɓa ƙasa.” A karo na huɗu na rufe ido na saki, na ji hannuwa sun karɓe ni, na ji iska a fuskata, na dira, kuma wallahi har yau, bayan na yi jikoki, in na tashi yin magana gaban jama'a na ji gabana yana faɗuwa, wannan dirar nake tunawa. Abin nan da 'yan boko suke kira yarda da kai, suna shirya masa tarurruka a manyan ɗakuna, mu da sakin jiki muka san shi, kuma da abu biyu ake samunsa: yarinya ta san iyakar abin da jikinta yake iyawa domin ta gwada shi, ta kuma sakankance cewa in ta faɗi akwai hannuwan da za su tare ta.

Ya kamata in tsaya nan in rarrabe wasu kalmomi, domin da yawa daga cikin iyayenmu, da sun ji an ce yarinya ta yarda da kanta, sai hankalinsu ya tafi ga fitsara da tsaurin ido. Malamanmu sun karantar da mu cewa ujubu da kibri cututtukan zuciya ne, watau mutum ya riƙa jiji da kansa yana raina bayin Allah, kuma babu mai hankalin da zai so wa ɗiyarsa wannan. Abin da nake nufi dabam ne: mutum ya san ni'imar da Allah ya yi masa ta lafiya da ƙarfi da basira, ya yi shukura a kanta ta hanyar aiki da ita, bai binne ta don tsoron bakin mutane ba. Kunya kuwa, haƙiƙa reshe ce ta imani, amma kunyar da shari'a ta yaba ita ce wadda take hana mutum aikata alfasha. Wadda take hana yarinya buɗe baki ta faɗi inda yake mata ciwo, ko ta tambayi malami abin da ya shige mata duhu, wannan rauni ne da aka yafa wa mayafin kunya. Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ai ta yabi matan Ansaru bisa cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addininsu ba.

Tun da na ambaci Nana A'isha, to, bari in kawo hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wannan mas'ala, wadda na tabbata malaman da suke saurarena sun fi ni saninta. Ya zo a ruwayar Imamu Ahmad da Abu Dawuda cewa ta yi tafiya tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana yarinya ba ta yi jiki ba, ya yi tseren gudu da ita ta wuce shi; bayan shekaru kuma, da jikinta ya yi nauyi, suka sake yin tseren a wata tafiya, ya wuce ta, yana dariya yana nuna mata cewa ya rama na wancan karo. A ruwayar Imamu Ahmad an bayyana cewa kafin tseren sai da ya umurci sahabbai su yi gaba. Ku duba hikimar da take cikin wannan, jama'a: an kiyaye sutura, an kuma yi wasan, ba a ce don akwai maza a ayarin sai a haƙura da tseren ba, sai aka nema masa wuri da ya dace da shi. Kuma fiyayyen halitta bai ji wani ƙasƙanci ba don matarsa ta tsere masa, balle ya hana ta sake gwadawa.

Na sani a farkon shekarar 2000, sa'ad da aka soma aiki da shari'a a jiharmu ta Zamfara, an ba da sanarwar hana ƙwallon ƙafa na mata, kuma na fahimci abin da aka guda, watau fitowar mata a bainar jama'a cikin tufafin da bai rufe jiki ba, da cakuɗuwa da maza 'yan kallo. Wannan damuwa ce mai tushe, ba ni da ja a kanta. Inda aka yi asara shi ne yadda talakawa suka ɗauki maganar suka faɗaɗa ta, har ya zama a wasu gidaje duk wani motsi da mace za ta yi wanda ba na aiki ba ne ana ganinsa abin zargi, alhali kuwa illar da aka ambata tana ga tsiraici da cakuɗuwa ne, kuma ƙa'idar fukaha'u ce cewa hukunci yana tafiya da illarsa, in ta kau shi ma ya kau. Ƙasar nan tamu ma ba ta gaji raunin mata ba. Jajojin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ƙafa suke jagorantar 'Yan Taru, watau ɗalibanta mata, daga ƙauyuka masu nisa, da malfa a kansu, su je su ɗauko karatu su komo su karantar. Macen da ba ta da ƙarfin jiki da dakewar zuciya ba za ta iya wannan ba.

Amma gaskiya ita ce, ba wata sanarwa ce ta kashe dandali ba. Abin da ya kashe shi kowa ya san shi, domin a gabanmu aka yi. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. To, a ƙasashen Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙaura, tsoro ya baro daji ya shigo gida ya shimfiɗa tabarma. A watan Mayu na 2019 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Moriki da dare suka tafi da wasu ma'aikatanta. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe ɗalibai 279 daga makarantar 'yan mata ta Jangebe. A watan Satumba na 2021 kuma aka yanke layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka rufe makarantu. Wane uba ne, bayan wannan, zai bar ɗiyarsa ta fita gaɗa da dare? Ba ni ganin laifin kowa. Sai dai mu lura da abin da ya biyo baya: yarinyar da yau take da shekara goma sha biyar, tun da ta yi wayo abin da ake koya mata shi ne ta rage murya, ta kashe fitila, ta laɓe, kada ta yi nisa, kada ta yarda da kowa. Duk wannan gaskiya ne kuma wajibi ne, amma in shi kaɗai ta tashi da shi, yaya za ta zama uwa mai tsayawa ta kāre 'ya'yanta, ko ungozoma mai yanke shawara da tsakar dare, ko malama mai riƙe aji? Ga kuma wata magana mai ɗaci wadda ba zan ɓoye ba: mun sha jin ana cewa mace mai mutunci ba ta gudu, amma mata nawa ne a ƙauyukanmu suka wayi gari gudu ne kaɗai ya tsirar da su, da goyo a baya da wani yaron a hannu?

Na yi shekaru ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, kuma a ƙarshen aikina aka kawo mana wata yarinya wadda iyayenta suka baro ƙauyensu suka raɓe a gidan dangi cikin gari. Wata uku tana ajina ban san muryarta ba. In an fita tara, sai ta je jikin katanga ta tsuguna, ta ja hijabinta har bisa hanci, tana zane a ƙasa da tsinke. Na yi mata nasiha, na kira ta ofis, na ce mata ta saki ranta ta zama kamar kowa. Duk a banza, domin ba a zuba wa mutum ƙarfin zuciya ta kunne. Rannan sai na zo da igiyar rama daga gida, na ba manyan ajin biyu su riƙa kaɗawa, na kuma kafa sharaɗi ɗaya tak, cewa duk wadda ta yi wa wata dariya don igiya ta harɗe ta, ta fita daga wasan ranar. Kwana huɗu yarinyar nan tana kallo daga jikin katanga. A na biyar na miƙa mata bakin igiyar na ce, “Ɗiyata, kama mini nan, hannuna ya gaji.” Ta kama, ta kaɗa. Kashegari ta shiga tsakiya, ta yi tsalle uku igiya ta kama ƙafarta, ta tsaya cik ta sunkuyar da kai tana jiran abin da ta saba ji, sai ta ji sauran suna cewa, “Uku! Sake, sake!” Bayan mako biyu ta kai arba'in, kuma ita da kanta take ƙirgawa da ƙarfi. Kafin ƙarshen zangon, ina tsaye a allo na yi tambaya a darasin lissafi, na waiwayo, sai na ga hannunta a sama. Amsar da ta bayar ma ba daidai ba ce, amma ta faɗe ta da murya, ta zauna, ba ta ja hijabi bisa fuska ba.

Wani zai ce, matanmu da suke daka da surfe da ɗebo ruwa da wanki tun asuba, wane motsa jiki kuma suke bukata? A wajen lafiyar gaɓoɓi akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman ga matan karkara. Ko da yake a cikin gari inji ya karɓe aikin turmi, kuma hawan jini da ciwon suga sun yawaita ga iyaye mata masu yawan zama wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, yaro kuwa kimanin minti 60 a kowace rana. Amma ni ba kan gaɓoɓi kaɗai nake magana ba. Bambancin aiki da wasa shi ne, a wajen aiki in yarinya ta yi daidai ba mai cewa komai, in ta yi kuskure kuwa, tuwo ya yi gudaji ko tulu ya fashe, sai faɗa da gori, wani lokaci har da duka. Saboda haka aiki yana koya mata gudun kuskure. A wajen wasa kuwa kuskure ba shi da tara, in ta faɗi ta tashi ta kakkaɓe zane ta sake, in an cinye ta yau gobe ta rama, kuma da haka zuciya take koyon cewa faɗuwa ba ita ce ƙarshen mutum ba. Ban san wani wuri a rayuwar ɗiya mace ta ƙasar nan da ake ba ta wannan darasi ba in ba filin wasa ba.

Abin da yake rushe wannan kuwa, tun bai kafu ba, shi ne harshe. “Dubi gandamemiya tana tsalle kamar ɗan akuya.” “Ke da wannan ƙibar ina za ki?” “In kika saba da guje-guje wa zai aure ki?” Sau da yawa ma daga bakin mata 'yan'uwanta maganar take fitowa, alhali Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Hujurati, ya ware mata da ambato inda ya hana su yi wa junansu izgili. Akwai kuma camfin da yake yawo cewa tsalle da gudu suna lalata budurwa ko suna hana ta haihuwa, wanda ba shi da asali a wajen likitoci. Sa'an nan ga sabuwar fitina ta wayar hannu: mace ba za ta taɓa sakin jiki ba muddin tana zaton wata tana ɗaukar hotonta a ɓoye, gobe ta gan shi a Facebook ko TikTok ana yi da ita. Don haka duk inda mata za su taru don wasa, a ajiye wayoyi a faifai ɗaya a bakin ƙofa, a rufe ƙofar, mai koyarwa ta zama mace, sutura ta zama wando mai yalwa da riga har gwiwa da ƙaramin hijabin da ba ya harɗe ƙafa. Wadda take da juna biyu ko wata lalura kuma ta fara jin shawarar ma'aikaciyar lafiya.

Kada matan aure su ce maganar ta yara ce. Akwai wani gida a unguwarmu mai faɗin tsakar gida, inda mata biyar, har da kishiyoyi biyu, suke haɗuwa bayan la'asar sau uku a mako. Suna farawa da zagaya gidan da sauri, daga bakin rijiya zuwa gindin darbejiya, sa'an nan su ɗaura igiyar shanya tsakanin turaku biyu su yi ƙwallon raga da ƙwallon roba ta yara. Surukarsu, tsohuwa mai kusan shekara saba'in, da farko cewa ta yi, “Ku dai ba ku da aikin yi.” Yanzu ita take zama bisa kujera 'yar tsugunno tana ƙirga musu ci, in gardama ta tashi su ce, “Inna, ke kika gani, raba mu.” Ɗaya daga cikinsu ta gaya mini cewa tun rasuwar ƙaninta a hanyar Shinkafi ba ta yi barcin kirki ba sai da ta fara wannan wasa.

A duniya kuwa an yi nisa. Nawal El Moutawakel, Musulma 'yar Maroko, ta ci lambar zinariya a tseren mita 400 na tsallake shinge a gasar Olamfik ta 1984. A 2014 masu tsara dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka halatta wa mata buga wasa da lulluɓin kai. 'Yan ƙwallon matan Nijeriya kuma sun ɗauki kofin Afirka karo na goma a 2025. Na ambaci waɗannan don a sani, amma ba kofi nake nema wa 'ya'yanmu ba, ba kuma fita bainar jama'a ba. Abin da nake nema bai wuce fili mai katanga, da sa'a ɗaya, da izinin iyaye ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantun 'yan mata da na Islamiyya, su mayar da lokacin motsa jiki lokacin motsa jiki na gaske, kada ya zama lokacin shara da cire ciyawa. Ɗalibai mata na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da take nan Ƙaura tun 1983, ku da kuka ga yadda ake ƙwallon hannu da ƙwallon raga, ku ba ƙannenku na unguwa yammacin Asabar ɗaya. Uwayenmu na ƙungiyar FOMWAN da malamai mata masu wa'azi a gidajen suna da walima, ku karanta wa mata hadisin tseren nan kamar yadda kuke karanta musu sauran hadisai. Masu martaba sarakunanmu da limamanmu, kalma ɗaya daga bakinku ta isa ta cire wa dubban iyaye shakka.

Kai kuma maigida, dattijon da na roƙi aron kunnensa tun farko, in Allah ya kai ka kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko kasuwar da ta fi kusa da kai, ka sayo igiya kamu shida ka kai gida. Ka rufe ƙofar zaure, ka ba uwargidanka bakin igiyar ɗaya, yayar yarinyar ta kama ɗayan, ka ce wa ɗiyarka ta shiga tsakiya. In igiyar ta harɗe ta, kada ka bari kowa ya yi dariya, ka ce mata ta sake.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, ya tsare mana zuriyarmu.